Yadda Ake Haɗa Gajeren Fim ɗin Barkwanci na Iyali da Waya Ba Tare da Kowa Ya Ji Ciwo Ba

Tun daga hutun Sallar da muka nuna wa dangi ɗan fim ɗin da muka ɗauka a tsakar gida, tambayoyi biyu ake ta jero mini. Masu son gwadawa suna cewa: yaya kuka yi mutum ya zame ya faɗi tim, taɓarya ta sauka a kansa, amma ya tashi garau? Iyaye kuma suna tambayar abin da ya sa kaka da jika suka zauna a tabarma ɗaya suna dariya har da hawaye, alhali abin da ke ba yaro dariya ba kasafai yake motsa babba ba. Amsar duka biyun tana cikin tsarin aikin, don haka zan bi shi daki-daki yadda muke yi. Fim ɗin da nake nufi na minti 2 zuwa 4 ne, irin na tuntuɓe da santsi da guje-guje, wanda jiki ne ke magana a cikinsa fiye da baki.

1. Fara da wanda zai faɗi

Kuskuren da kusan kowa yake fara yi shi ne ya zauna yana lissafa faɗuwa: nan za a zame, nan za a mari wane, nan ruwa zai zubo. In ka bi ta nan, ɗan shekara 5 zai yi dariya sau ɗaya, babba kuwa ya ci gaba da danna wayarsa. Yaro faɗuwar yake wa dariya. Babba wanda ya faɗin yake wa dariya, da abin da ya kai shi ga faɗuwar. Saboda haka hali za ka fara nema, halin da kowa ya san mai irinsa a unguwa: rowa, kwaɗayi, cika baki, iyayi, son banza.

Ga namu, kuma da shi zan riƙa ba da misali har ƙarshe. Kawu marowaci ya sayo tsire, ya shigo da shi ɓoye cikin babbar riga, yana neman lungun da zai cinye shi kaɗai kada yaran gida su gani. Don ya tsare kansa, sai ya ɗana bokitin ruwa a saman ƙofar zaure. Daga nan kowa ya san inda za a ƙare, domin Hausawa sun riga sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Yara suna jiran bokiti. Manya suna kallon rowa tana cin mai ita, kuma kowannensu akwai wanda yake tunawa.

Gargaɗi: wanda wahala za ta faɗa wa dole ya zama shi ya jawo wa kansa. In ka sa makaho ya faɗa kwata, ko gurgu ya tuntsure, ko aka watsa wa almajiri ruwa, ko aka kunyata uwa a gaban 'ya'yanta, dariyar za ta tsaya wa manya a maƙogwaro, yara kuma su koyi cewa raunin mutum abin wasa ne. Haka kwaikwayon Hausar wata ƙabila da nufin muzantawa, da duk abin da ya taɓa addini. Wasan da ke tsakanin Bafulatani da Babarbare, ko Bakano da Bazazzagi, yana da daɗi ne saboda su biyun sun san dokarsa, amma faifan da ya shiga intanet zai kai ga wanda bai san ta ba.

2. Rubuta labarin a takarda ɗaya

In labarin ya wuce shafi ɗaya, ya yi yawa. Ka rubuta abin da ido zai gani kawai, layi-layi: Kawu ya leƙo. Ya ɗora bokiti. Ya zauna bayan turmi. Kaza ta zo.

Abu biyu za ka kiyaye. Na farko, ka nuna wa mai kallo tarkon tun da wuri. Idan bokiti ya zubo ba tare da an ga lokacin da aka ɗora shi ba, firgita za a yi, kuma firgita ba ta daɗewa. Amma idan an gan shi, duk sanda wani ya doshi ƙofar sai ka ji yara suna ihu suna nunawa, kuma wannan jiran ya fi zubowar kanta daɗi. Na biyu, ka bi ƙa'idar uku. Yaro na farko ya bi ta ƙofar, bokiti bai motsa ba. Ta biyu ta wuce da gudu, ya yi rawa ya tsaya. Kawu ya ƙufula ya je duba abin da ya hana tarkonsa aiki. Sau biyu na farko suna gina tsammani, na uku ya rushe shi. In ka kai huɗu, an gaji.

Rage magana iya iyawarka. Mista Bin da Rowan Atkinson ya fara fitowa da shi a talabijin a 1990 da ƙyar yake furta kalma, shi ya sa yaran da ba su jin Turanci ko kaɗan suke bin sa tsaf. Ko marigayi Rabilu Musa Ibro, da ya rasu a Disambar 2014, duk da kaifin bakinsa, tafiyarsa da zare idonsa da yadda yake zura da gudu sukan sa a fara dariya kafin ya ce komai. A namu, jimla 6 ce kacal daga farko har ƙarshe. Wannan zai kuma rage maka wahalar sauti a gaba.

3. Raba matsayi

Wanda zai yi ta faɗuwa ya zama matashi ko magidanci mai ƙoshin lafiya, wanda ba ya ciwon baya ko gwiwa. In labarin dattijo yake buƙata, a sa wa saurayi babbar riga da hula da gemun auduga. Kada a sa tsoho na gaske, kada a sa mai juna biyu, kuma yaro ba ya faɗuwa, ba a dukansa, ba a jiƙa shi. Aikin yara a irin wannan fim shi ne su yi nasara: su ne za su tsallake tarko, su ne za su cinye tsiren a ƙarshe.

Ka kuma duba alaƙar gida. Taubasai da jikoki da ƙannen miji sun saba wasa da juna, su za ka haɗa. Amma kada ka ce suruki zai kori surukinsa da tsintsiya, ko ɗan fari ya yi wa mahaifinsa gwalo, ko da da sunan wasa ne. Za a yi maka kara a amince, sai bayan an gama abin ya zama magana.

Bayan 'yan wasa kana buƙatar mutum biyu: mai riƙe waya, da babba ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai lura da lafiya. Shi ke jan katifa, shi ke goge ruwa, shi ke riƙe ƙananan yara a gefe, kuma in ya ce a tsaya, an tsaya ko da ana tsakiyar ɗauka.

4. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Yawancin abin da ake buƙata yana cikin gida: katifar soso mai kauri, matasan kai, bokitin roba, tsofaffin kaya kala biyu iri ɗaya in da hali, tawul, tsumman goge ƙasa. Wayar da ke ɗaukar bidiyo mai tsabtar 1080p ta isa, ba sai ka ari mai tsada ba.

Abin da za ka cire wa kuɗi kaɗan ne, kuma ga yadda nake jera su. Farko mazaunin waya mai ƙafa uku, domin hoto mai rawa yana kashe barkwanci fiye da komai. Mai riƙe waya da hannu ba ya iya danne dariya, da ya ƙyalƙyale hoton ya tafi. Ana samunsa a duk kasuwar 'yan waya, irin Farm Centre a Kano, kuma ka taya a shago uku kafin ka biya. In babu hali, ka jingina wayar a kan kujera ka tokare ta da littattafai ko buhun gero. Sai ragowar soso daga wurin masu kujerun kushin, wanda sau da yawa kyauta suke bayarwa ko a ɗan kuɗi kaɗan. Sai salatif babba, gam, ɗan fenti ruwan ƙasa, da rabin mudun fulawa. Kwali kuwa kowane mai shago zai ba ka. Ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga shi ne na ƙarshe, kuma in maganar fim ɗin kaɗan ce kana iya haƙura da shi.

Abin da ya fi cin kuɗi a wurinmu abinci ne da ruwan sha na mutanen da suka wuni suna aiki, sai data ta ɗorawa. Ka sa su a lissafi tun farko. Tsiren Kawu ma sai da muka saya sau biyu, don kashi na farko bai kai ƙarshen gwaji ba.

Ka share aƙalla GB 5 a wayar. Minti ɗaya na 1080p yana cin tsakanin MB 60 da 130 gwargwadon waya, kuma fim ɗin minti 3 yakan fito ne daga ɗaukar minti 30 zuwa 40. Ka cika caji, ka zo da fawa-bank.

5. Haɗa kayan duka na bogi

Duk abin da zai taɓa jikin mutum da ƙarfi, na bogi ne. Taɓarya: a naɗe soso ya yi tsawo, a ɗaure da salatif, a lulluɓe da takardar buhun siminti da aka kakkaɓe sosai, a shafa fenti. Kada a sa sanda ko fayif a tsakiya don ta tsaya, gara ta ɗan lanƙwashe. Bulo: a yanka soso murabba'i a shafa masa fenti ruwan toka. Faranti da kofi na roba ko na kwali. Kowane abu ka yi na bogi, ka ajiye na gaskensa kusa, domin za ka fara nuna na gasken a hoto na kusa, ana daka da shi ko ana ɗaga shi da nishi, sannan a musanya kafin duka. Ido ya riga ya yarda da nauyinsa.

Gargaɗi: kwalba, gilashi, tangaran, wuƙa, ƙarfe da dutse ba sa shiga wurin ɗauka sam. Kuma da zarar an gama nuna taɓaryar gaske, a fitar da ita daga wurin gaba ɗaya. Cikin hanzari hannu yana iya kai wa ga wadda ba ita ba.

6. Wuri da lokaci

Tsakar gida mai ƙasa ko yashi ta fi tayil da daɓen siminti. Ka zaga da kanka ka tsince ƙusa da fasasshiyar kwalba, ka sauke igiyar shanya, ka rufe rijiya, ka kashe murhu, ka naɗe duk wayar lantarki da ke ƙasa. Hasken da ya fi kyau shi ne na safe daga 7 zuwa 10, ko bayan la'asar. Ranar tsaka tana sa inuwa a ƙarƙashin ido, ta ɓoye fuskar da kake son a gani. Rana ta kasance a bayan mai ɗauka. In lokacin hunturu ne, fitowar da za a jiƙa mutum a cikinta a bar ta sai rana ta ɗaga, a kuma sirka ruwan.

7. Gwajin faɗuwa, mari da duka

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan nake roƙon a fi natsuwa. Masu wannan sana'a na gaske ma sun sha wuya. Buster Keaton, ɗan Amurka, ruwan tankin jirgin ƙasa ya maka shi da ƙasa a wani fim ɗinsa na 1924, ƙashin wuyansa ya tsage, bai ma sani ba sai bayan shekaru da likita ya ɗauki hoto. Jaki Chan ya faɗo daga bishiya a tsakiyar shekarun 1980 har sai da aka yi masa aiki a ƙoƙon kai. Waɗannan tun suna yara ake horar da su. Kai da ni ba mu da wannan horon, don haka dabarar kyamara za mu yi amfani da ita a madadin jarumta.

Faɗuwa kashi uku ake yi mata, kowanne a ɗauke shi daban. Kashi na ɗaya: hoton ƙafa kaɗai, tana taka ɓawon ayaba tana sulɓewa gaba, alhali mutumin yana zaune a kujera ko yana riƙe da kafaɗar wani a wajen hoto. Kashi na biyu: hoto daga ƙugu zuwa sama, ya watsa hannuwa, ya zare ido, ya yi baya ya fice daga hoton ta ƙasa, inda katifa ke jiransa. Kashi na uku: an janye katifa, yana kwance a ƙasa, ƙafa ɗaya a sama, hula can gefe, a ɗan watsa ƙura. In an haɗa ukun da ƙarar tim a tsakiya, babu mai kallon da zai ce bai ga faɗuwa ba.

Ko a kan katifa akwai yadda ake sauka. A lanƙwasa gwiwa tukuna don tazarar ta ragu, a manne haɓa da ƙirji don kada ƙeya ta bugu, a sauka da mazaunai da faɗin baya ko gefen cinya, a saki numfashi. Kada a tokare ƙasa da tafin hannu. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, domin jiki da kansa yake miƙa hannun. A fim ɗinmu na farko ɗan'uwana ya yi haka, hannunsa ya wuce bakin katifa, ya yi targaɗe a wuyan hannu, ya yi sati biyu bai iya aikinsa ba. Tun daga ranar muke shimfiɗa matasan kai a kewayen katifar, kuma ba mu ɗauka sai mutum ya gwada saukar sau 5 a hankali, daga tsugune, sannan daga rabin tsayuwa.

Mari ba ya taɓa kunci. Mai mari da wanda za a mara su tsaya da tazarar da hannu zai wuce gaban fuska da kamar taƙi ɗaya. Kyamara ta tsaya a bayan kafaɗar ɗayansu, ta yadda tazarar ba za ta fito ba. In ka ɗauka daga gefe, kowa zai ga iska aka mara. Wanda aka mara shi ke sayar da marin: ya juya kai daidai lokacin da hannu ya gifta, ya dafe kunci, ya yi jim. Ku ƙirga tare, ɗaya, biyu, uku, ku fara a hankali kamar masu tafiya cikin ruwa, sai an daidaita sannan a ƙara sauri. Ku haɗa ido kafin kowane gwaji. In ɗaya bai kalli ɗaya ba, ba a shirya ba.

Dukan kai, ko da taɓaryar soso ce, akwai hanyar da ta fi aminci: a fara da taɓaryar a kan mutum, sannan a fizge ta sama da sauri, wurin tacewa a juya hoton ya yi tafiya da baya. Zai fito kamar an sauke ta da ƙarfi. Haka ake yi da ƙofar da ta bugi fuska, da tsanin da aka juyo ya kwashe mutum.

Sai fuska. Wanda abin ya faɗa wa ba ya dariya, ba ya kuma ihu da birgima. Keaton ya yi suna ne da fuskar da ba ta motsi komai ya same shi. Kawu ya jiƙe sharkaf, ya tsaya ƙiƙam, ya gyara hularsa a hankali kamar babu abin da ya faru, ya duba ko tsirensa na nan. Wannan ƙoƙarin riƙe girma bayan girma ya zube shi ne abin da ke kashe manya da dariya. Yana kuma gaya wa ƙaramin yaro cewa Kawu lafiyarsa lau. Da zarar an nuna jini ko kuka na gaske, yaro zai tsorata, wasa ya ƙare.

Gargaɗi: in wani ya bugu a kai da gaske, a dakatar da aiki. In ya yi amai, ko jiri, ko barci ya riƙa fizgarsa, ko maganarsa ta rikice, ko ciwon kan yana ƙaruwa, a tafi asibiti nan take, kada a ce a bari a gani zuwa safe.

8. Ruwa, gari da guje-guje

Bokitin da ke saman ƙofa ba ya faɗowa kan kowa. A nuna shi a ɗane, fanko, a ɗaure da zare ta baya. Lokacin zubowa wani ne zai tsaya a kan benci mai ƙarfi a wajen hoto ya kwarara ruwan daga wani bokitin. Sannan a yanke, a kifa fankon a kan Kawu da hannu. Bokiti cike da ruwa lita 10 nauyinsa kilo 10 ne, kuma wuyan mutum ba zai ɗauki wannan daga sama ba.

Fulawa tana kyau a hoto, mutum ya fito fari fat sai ido. Amma ya rufe ido da baki, ya riƙe numfashi, a zuba kaɗan daga sama, ba a watsa a fuska ba. Mai asma ya bar wurin. Kada a yi kusa da murhu ko risho ko mai shan taba, domin ƙurar gari da ta tashi a iska tana kama wuta. Toka, yaji, omo da garin siminti ba a zuba wa mutum su. In labarin kunu ko koko yake so, a dama ya huce sarai, a taɓa da hannu a tabbatar.

Guje-guje a yi su da rabin sauri, za a ƙara saurin a waya. Masu fina-finan da ba su da murya ma haka suke yi: su juya kyamara a hankali, in an haska sai motsi ya fito da gaggawa. Kaza ko akuya in za su fito, a yaudare su da tsaba ko dusa, ba a jifa, ba a ɗaure ƙafa.

Gargaɗi: duk abin da ka nuna, ka ɗauka wani yaro zai gwada shi gobe ba katifa. Saboda haka babu wasa da wuta, gas, soket, rijiya, igiya a wuya, leda a kai, shiga firji, ko dirowa daga katanga, komai dariyar da za su bayar.

9. Ranar ɗauka

Goge gilashin kyamara da tsumma mai laushi. Sa wayar a alamar jirgin sama don kada kira ya katse ka. Zaɓi 1080p a furem 30, wato hotuna 30 a kowace daƙiƙa. Danna fuskar ɗan wasa a allo ka riƙe har haske da saiti su kulle, in ba haka ba da farar fulawa ta tashi hoton zai yi duhu. Kada ka janyo hoto da yatsa, ka matsa da ƙafarka.

Ni na fi son a kwantar da waya. Irin wannan barkwanci yana son faɗi, a ga Kawu a gefe ɗaya, tarko a ɗaya gefen, yaro yana leƙe daga baya, duk a hoto guda. In don TikTok ko gajerun bidiyon YouTube kake yi, dole ka tsayar da ita, sai ka jera mutanen gaba da baya maimakon gefe da gefe. Ko wanne ka zaɓa, kada ka sauya a tsakiya.

Ba a bin jerin labari wurin ɗauka. A fara da duk fitowar da kaya ke bushe, sai ta guje-guje, sai ta gari, ta ruwa ita ce ƙarshe. Wanda ya fara da ruwa zai zauna jiran babbar riga ta bushe rana tana tafiya. Fitowar yara a gama ta cikin awa ɗaya tun suna da marmari, a sallame su. Kowace fitowa a ɗauke ta daga nesa sau ɗaya, sannan a matso a ɗauki fuska. Ka bar kyamara tana aiki daƙiƙa 3 kafin a fara da daƙiƙa 5 bayan an gama, domin sau da yawa abin da ya fi ban dariya a wannan ɗan shirun yake fitowa. Kafin a tashi daga kowace fitowa, ka ɗauki hoton yadda kaya suke: a wane hannu tsire yake, ina hula ta karkata.

10. Sauti

Rabin faɗuwa a kunne take. Bayan an watse, ka shiga ɗaki mai labule da katifa, ka kashe fanka, ka naɗi ƙararrakin ɗaya bayan ɗaya. Faɗuwa: a saki buhun hatsi rabi a ƙasa. Ƙwanƙwasar kai: ludayi a bayan ƙwarya. Sulɓewa: usur ko fito. Mari: sirara katako biyu masu faɗi, a ɗaure gindinsu da robar taya, a buga su haɗu, fau! Wannan sandar ce ma asalin sunan da Turawa suke kiran irin wannan wasan da shi, wato slapstick. Yara suna son wannan matakin ƙwarai, a ba su su yi.

Gargaɗi: kada ka ɗora waƙar wani mawaƙi ko kiɗan wani fim. YouTube da Facebook suna gane su da kansu, su toshe sautin ko kuɗin talla ya tafi ga mai waƙar. YouTube yana da rumbun kiɗa da ƙararraki na kyauta ga masu tasha. Abin da ya fi wannan daɗi shi ne ka sami mai kalangu a unguwa, ka biya shi, ya kalli hoton ya bi tafiyar Kawu da kiɗa.

11. Tacewa

Manhajojin tace bidiyo a waya irin CapCut, KineMaster ko InShot, kowanne zai yi, sai dai wasu na kyautar suna manna tambarinsu a hoto. Jera fitowa bisa labari tukuna, ba kiɗa ba ado. Sannan ka bi kowane duka da kowace faɗuwa ka yanke a tsakiyar motsi, ba bayan ya tsaya ba. Cire furem ɗaya ko biyu daf da inda hannu ko taɓarya za ta sauka, dukan zai yi kaifi. Ƙarar ta zauna daidai kan furem ɗin da abu ya taɓa jiki. In ta makara ko da ƙiftawar ido ne, dabarar ta tonu. Guje-guje a ƙara musu sauri zuwa 1.2 ko 1.5, fiye da haka ido ba ya bi. Bayan kowace babbar faɗuwa ka bar fuskar Kawu daƙiƙa 2 ko 3, mutane su sami wurin yin dariya kafin abu na gaba. Naɗaɗɗiyar dariyar da ake ɗorawa a baya, ni ban ga amfaninta ba, tana nuna mai fim bai yarda da aikinsa ba.

12. Gwajin kallo da fitarwa

Nuna wa yara uku ko huɗu da ba su cikin fim ɗin, kada ka yi musu bayani, ka kalli fuskarsu maimakon allo. Sannan ka nuna wa manya biyu daban. Inda yara suka yi dariya manya suka yi shiru, halin Kawu bai fito ba, ka ƙara hoton fuskarsa. Inda manya suka murmusa yara suka juya kai, magana ta yi yawa. Inda kowa ya yi shiru, yanke shi ko da ka sha wahalar ɗaukarsa.

A ƙarshen fim ka ƙara daƙiƙa 20 na bayan fage: katifar, taɓaryar soso ana lanƙwasa ta, Kawu yana dariya da tawul a wuya. Yaran gida kuma ka ba su taɓaryar su taɓa da hannunsu, ka gaya musu ƙarara cewa ba a yin wannan sai da babba da katifa.

Kafin ya fita daga gida, kowane babba da ya fito ya gani ya amince, kowane yaro kuma a nemi izinin mahaifinsa da mahaifiyarsa, matan aure a ji ta bakinsu da na mazajensu. Ka duba kada kayan makaranta mai baji, lambar gida ko lambar mota su fito. In dangi kawai za a tura wa ta WhatsApp, a aika shi a matsayin fayil don kada hoton ya dusashe. In YouTube ne, za a tambaye ka ko don yara aka yi bidiyon, ka amsa gaskiya, ka kuma sani cewa in ka ce e za a rufe wurin sharhi. TikTok ba ya yarda wanda bai kai shekara 13 ba ya buɗe shafi, don haka a shafin babba za a sa. Wanda kuma yake nufin mayar da abin sana'a a Kano, ya fara zuwa Hukumar Tace Fina-finai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, ya ji sharuɗɗan rajista kafin ya saki kashi na farko. Asalin faifan da ba a tace ba a kwafe shi a memori ko kwamfuta kafin a goge shi daga waya.